An yi gareji a filin da na saya: awon injiniya ya isa in fara gini?

"Assalamu alaikum. Na yi cinikin fili a wata unguwa ta gefen Kano, na biya rabin kuɗin, sauran sai bayan wata 2. Bayan na biya ne wani dattijo da ke maƙwabtaka da wurin yake gaya mini cewa gaban filin ya fi shekara 20 ana gareji a kansa, har da masu gyaran batir, bayansa kuma kududdufi ne da aka cike da shara. Yanzu an share an zuba jar ƙasa, babu alamar komai. Injiniyan da zai yi mini gini ya auna ƙasar ya ce tana da kyau. Gida nake so in gina wa iyalina, ina da yara ƙanana, kuma ina da niyyar haƙa rijiyar burtsatse. Awon injiniyan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata in ƙara dubawa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya. In na fahimce ka, tambaya biyu ce ka dunƙule wuri ɗaya: ko ƙasar za ta ɗauki gini, da kuma ko mutum zai zauna a kanta da 'ya'yansa, ya sha ruwan da ke ƙarƙashinta, lafiya lau. Injiniyanka ta farko ya amsa. Ta biyun ko taɓa ta ba a yi ba tukuna, kuma ba laifinsa ba ne, don ba ita aka ɗauke shi ya duba ba. Shi ƙarfin ƙasa yake nema: yashi ce ko yumɓu, nauyin da za ta iya ɗauka, zurfin da za a kai harsashi. Ƙasa tana iya yin ƙwari kamar marmara, ta ɗauki bene hawa 3, amma ɗan abin da yaro zai kai baki daga cikinta yana rarrafe ya zama guba. Saboda haka amsar a taƙaice ita ce a'a, bai isa ba.

Shi kuwa dattijon nan, ka koma ka gaishe shi da goro. Aikin da ake biyan irinmu masu binciken gurɓatar ƙasa mu yi, ya yi maka rabinsa kyauta. A sana'armu ba da kwalba da na'ura ake farawa ba, da tarihin wuri ake farawa, domin ɗakin gwaji abin da ka ce a nemo maka kawai yake nema. In ba ka san me aka yi a fili ba, ba ka san me za ka ce a nemo ba.

Abin da gareji ke bari bayan ya tashi

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san yadda ake juyen mai: a kwance bakin tankin injin, a tara galan in akwai, sauran ya bi ƙasa. Ka lissafa wannan kullum har shekara 20. Baƙin mai yana da kauri, yakan manne a saman ƙasa, bai cika yin nisa ba sai in an daɗe. Fetur da dizal su ne masu tafiya. Sukan tsiyaya har su tarar da ruwan ƙasa, kuma da yake sun fi ruwa rashin nauyi sai su kwanta a samansa, su bi shi duk inda ya gangara. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha mikrogiram 10 a lita ɗaya. Da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni ta jihar Ribas a 2011, ta sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka sau 900, mutane kuma suna sha. Garejinka ba bututun mai ba ne, ba zai kai nan ba, amma hanyar da abin ke bi ya shiga rijiya iri ɗaya ce.

Sai dai ba man ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba. Kalmar batir ce.

Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Masu gyaran batir sukan fasa murfin, su tuttular da ruwan batir a ƙasa, su ciro faranti, wasu har narkar da dalmar suke yi a kasko su zuba sabon kai. Garin da ke zubowa daga tsohon faranti laushi gare shi kamar kwalli, yana haɗewa da ƙasa ba mai iya rarrabewa. Shi mai da sannu ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cin wani ɓangare nasa, rana da iska suna rage wani. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ba ta da wari. Wadda aka zubar shekara 30 da suka wuce tana nan inda aka bar ta.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinare ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, duwatsun kuma cike suke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Abin da nake so ka riƙe daga labarin shi ne yadda aka yi maganin abin: sai da aka bi gida-gida aka kankare saman ƙasar tsakar gida aka kwashe, aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi amfani, don in ka wanke jinin yaro ya koma rarrafe a wannan ƙasar, aikin baban giwa ka yi. Ƙauyen Bagega sai 2013 aka samu aka share shi. Wanda ya fi kama da naka kuma shi ne na Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, a Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Can ba zinare ba ne, batir ne. An daɗe ana fasa batir a unguwar, daga baya mutane suka fara kwasar ƙasar wurin suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsinci dalma su sayar.

Ban kawo waɗannan don in ce haka za ta faru a gidanka ba; can yawan dalmar ya wuce misali. Abin da aka fi gani a fili irin naka shiru yake zuwa: yaro ba ya suma, ba ya farfaɗiya, sai dai jini ya yi ƙaranci, karatu ya yi masa nauyi, a yi ta cewa ba ya ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba. Ka dubi rayuwar gidajenmu: a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, nan ake shanya, nan ake tankaɗe, nan kaji ke kiwo a ci ƙwansu, da safe a share ƙura ta tashi, da hunturu ta shiga har cikin kwano. Mai juna biyu ma ba ta tsira ba, don dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi.

Kududdufin da aka cike

Wannan kam Kano ta cika da shi. Kududdufai da yawa ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun zamanin kakanni, unguwa ta mayar da su bola, da fili ya yi tsada aka tura musu tifa. Shara takan ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashi shekaru da yawa, ƙasa tana lotsawa ba daidai ba, bango ya tsage. Ka tambayi injiniyanka a ina takamaimai ya yi awonsa. In a gaban filin ya tsaya, ko ta fuskar ƙarfin ƙasa bai auna bayan ba. Ruɓewar kuma tana fitar da iskar gas mai kama wuta, wadda in ta taru a rufaffen wuri kamar ramin masai ko ƙarƙashin daɓe ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. A Loscoe ta Ingila, a 1986, gida guda ya tarwatse saboda iskar da ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa daga jujin da ke kusa. Ba abin da ke faruwa kullum ba ne, ni tsagewar bango da ruwan rijiya sun fi damuna. Kududdufi shi ne inda ruwan unguwa ke taruwa ya nutse, to in garejin yana sama da shi, duk abin da damina ta wanke daga garejin can ya gangara.

Yadda ake binciken

Matakin farko ba ya cin ko kwabo, kai ma za ka iya. Ka je da dattijon nan ku taka filin ya nuna maka da ƙafa: nan rumfar masu batir take, nan ake juyen mai, nan masu fenti, daga nan kududdufi ya fara. Ka kafa turaku. Ka tambayi mai unguwa, ka nemi ko da tsohon bakanike ɗaya da ya yi aiki a wurin, don sukan san abin da maƙwabta ba su sani ba, kamar ko an taɓa binne tanki ko an yi ramin zubar da mai. Ka buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai inda ake komawa tsofaffin hotuna, a wurare da yawa na Kano har farkon shekarun 2000. Za ka ga motoci jere da baƙin tabo a ƙasa, ka ga shekarar da kududdufin ya fara tsukewa. Ka leƙa rijiyoyin maƙwabta, ka tambayi matan gida ko ruwan yana wari ko yana canza launi da damina. In majema ko marina sun taɓa zama kusa, ko filin yana gangaren masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ka faɗa wa mai binciken, don zai ƙara kuromiyam, wani ƙarfe mai cutarwa, a cikin abin da zai nema.

Dillali kam ba shi ake tambaya ba.

Mataki na biyu shi ne tono. Jar ƙasar da aka zuba ita ce mayafin da ya rufe komai, samfurin da aka ɗiba daga samanta labarin ramin da tifa ta ɗebo ta kawai zai ba ka. Na taɓa duba wani fili da mai shi ya riga ya kai ƙasa gwaji da kansa, sakamako ya fito fes. Na sa leburori biyu suka haƙa rami. Kamu biyu na farko ja ce zir, tana sheƙi. Shebur na ƙara shiga sai launi ya juya baƙi ƙirin, ƙasar tana danƙo a hannu, ga tsumma, ga tsohuwar matatar mai, ga ɓallin baƙar roba mai haƙarƙari wanda duk wanda ya san batir zai gane. Ɗaya leburan ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ai nan ƙasar warin gareji take." Mai filin yana tsaye a bakin ramin da takardar gwajinsa a hannu. Takardar ba ƙarya ta yi ba, ƙasar da ya kai ce ba ta wurin ba.

Don haka ramuka ake yi, a wuraren da aka kafa turaku da kuma wasu a warwatse, kowanne sai ya wuce ciko ya shiga ƙasar asali. A kowane rami a ɗebi samfur daga tsohon saman ƙasar da aka binne, a ɗebi wani daga ƙasa da shi don a ga iya inda abin ya nutsa. A ɗebo ɗaya kuma daga nesa, inda aka tabbata ba a taɓa komai ba, don a san yadda ƙasar yankin take a asali. Kada a yarda a haɗe su duka a leda ɗaya don rage kuɗi. Ƙasar kusurwar masu batir in ta gauraye da ta sauran wurare sai lambar ta sauko, ka ɗauka lafiya. Samfurin gwajin ƙarfe irin su dalma da kadmiyam leda mai tsabta ta isa. Na mai kuwa kwalba ake cikawa maƙil a rufe, a sa cikin kula mai ƙanƙara, don fetur guduwa yake yi, a zafin Kano kafin ka kai ɗakin gwaji ya tafi. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, ana ɗora ta a ƙasa ta ba da adadin dalma nan take. Da irinta aka yi aikin Zamfara. In mai bincikenka yana da ita, za ku duba wurare da yawa a yini ɗaya, sannan a tura kaɗan ɗakin gwaji don tabbatarwa. Gwajin ƙarfe ana samun masu yi a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Kano da Zariya. Na mai ya fi wuya, sau da yawa sai an aika Legas ko Fatakwal, inda kamfanonin mai suka sa aka saba da shi.

Ruwa kuma sau biyu nake so a gwada shi, da rani da kuma bayan damina ta yi nisa, wajen Agusta ko Satumba. Lokacin ne ruwan ƙasa ke tasowa ya taɓa abin da ke binne. In ka ga wani sheƙi mai launin bakan gizo a saman ruwan rami, ka taɓa shi da tsinke. In ya farfashe kamar gilashi ya tsaya a rarrabe, yawanci na tsatsar ƙarfen ƙasa ne. In ya juya ya sake haɗewa, mai ne. Wannan dabarar fili ce kawai, ba ta maye gurbin gwaji.

In sakamako ya fito

Za a ba ka lambobi, miligiram kaza a kilo ɗaya na ƙasa, sai a kwatanta da ma'auni, kuma nan ake yi wa mutane wayo. Ƙa'idar da tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur ta Najeriya, DPR, ta shimfiɗa wa kamfanonin mai ta sa dalma 530 a matsayin inda dole a ɗauki mataki, 85 kuma a matsayin inda ake so a kai. Hukumar muhalli ta Amurka ta daɗe tana aiki da 400 ga ƙasar gidajen zama, a farkon 2024 ta sauke zuwa 200. Mutum zai iya samun 450 a filinka ya rubuta maka cewa bai kai iyakar Najeriya ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ni dai gidan da jariri zai yi rarrafe a tsakar gida ba na auna shi da ma'aunin harabar kamfanin mai. Mafi tsananin nake ɗauka.

Kada kuma ka sa ran hukuma za ta tare ka. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi shafa, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007 kuwa ba ta bin fulotin mutum ɗaya-ɗaya kafin ya yi gini. Takardar mallaka tana nuna filin naka ne, amincewar hukumar tsara birni tana nuna zanenka ya yi daidai. Babu wadda ta ce komai game da abin da ke cikin ƙasar.

Abin yi ya danganta da abin da aka samu. In dalmar ta taru ne a kusurwa ɗaya kuma ba ta yi zurfi ba, wanda shi aka fi gani don dalma ba ta cika nutsawa ba, sai a kwashe wurin, a sake gwada gindin ramin, a cike da ƙasa mai tsabta. A jiƙa ƙasar kafin a tona don kada ƙura ta tashi, leburori su rufe hanci, kada su ci abinci a wurin, kada su koma gida da kayan aikin a jikinsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ƙasar ke zuwa. In ka bar wa direban tifa, kafin la'asar ya sayar da ita ciko a wani gidan, ka kwashe daga gaban 'ya'yanka ka zuba gaban na wani. Ka nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ta nuna inda za a binne ta, ka sa mutum ya bi motar. Cikon da kai ma za ka saya, ka san ramin da ya fito.

In abin ya bazu ko'ina amma bai yi yawa ba, rufewa ta fi kwashewa sauƙi: daɓen siminti a duk tsakar gida, ba intalok ba, don ƙasa tana fitowa ta tsakaninsa, inda za a yi shuka kuma a shimfiɗa wani abu mai launi a matsayin alama, a ɗora ƙasa mai tsabta aƙalla rabin mita. Zogale da alayyafo a shuka su a buhu ko a baho. Kada a buga bulo ko a kwaɓa yaɓe da ƙasar wurin. Raunin wannan hanya shi ne mantuwa: bayan shekara 15 wani zai fasa daɓen ya haƙa masai, ya baje ƙasar a tsakar gida. Ka rubuta abin a takarda ka ajiye tare da takardun filin. Zanen gidan ma ana iya juya shi, wurin ajiye mota ko shaguna su hau kusurwar masu batir, bayan filin da aka cike a bar shi ba nauyi a kansa.

Rijiyar burtsatse kuwa, ka dakata da ita har sakamakon ruwa ya fito. Mutane suna ɗauka zurfi kaɗai ya isa kariya. In mai haƙar bai toshe gefen bututun daga sama da siminti yadda ya kamata ba, rijiyar da kanta ce za ta zama hanyar da gurɓataccen ruwan sama zai bi ya sauka ga mai kyau. Tafasa ruwa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire dalma. In aka sami mai kwance a saman ruwan ƙasa, ko shara mai zurfin mita da yawa tana kan ruɓewa, gaskiya gyaran ya fi ƙarfin aljihun mai gida ɗaya, kuma ni a wannan halin zan ce a nemi wani filin, wannan ya fi dacewa da sito ko shaguna.

Akwai iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa. Ban taka filinka ba, kuma na ga garejin da aka tona aka sami abin kaɗan ne, tifa 2 ta kwashe shi. Shi kansa gwajin ba ya wanke fili gaba ɗaya, inda aka tona kawai yake ba da labari. Rami 8 na iya kewaye durom ɗin da aka binne a tsakaninsu. Shi ya sa na nace da dattijon da tsohon bakaniken. Maganar ko za ka iya fasa cinikin ko a rage maka kuɗi kuwa ta malamai ce da lauya, ko da yake sananne ne a fiƙihu cewa mai saye yana da zaɓi in aibin da aka ɓoye masa ya bayyana.

Wata 2 da suka rage maka sun isa a yi tarihin, a yi ramukan, sakamakon ƙasa ya fito. Na ruwa zagaye ɗaya kawai za ka samu a wannan lokacin, na biyun sai yanayi ya juya. Ka sanar da mai filin a gaban shaidu cewa za ka tona kafin ka cika kuɗi, ka gayyace shi ya zo ya tsaya a bakin ramin. Ranar tonon kuma kada ka je da yaran.